Tukunyar iska da kazar ƙauye

A gidanmu, tun da aka kawo ni, Juma'ar ƙarshen wata ranar kaza ce. In albashi ya shigo, Malam yakan biya ta kasuwa bayan an sauko daga masallaci, ya dawo da kaji biyu a rataye a jikin moto. A yanka, a fige, a tafasa, sannan a juye man gyaɗa kusan lita guda a kasko a soya su har su yi ja. Yara sun san ranar fiye da yadda suka san ranar jarrabawa. Shekara 19 muna haka, ban taɓa tunanin wata rana abin zai zama matsala ba.

Bara ne, cikin zafin watan Afrilu, Malam ya yi ta fama da ciwon kai da jiri. Da ƙyar na tura shi likita. Aka auna, aka ga tansiyo 17 bisa 10. Aka sake aunawa bayan ƴan kwanaki, bai sauka ba. Likita ya rubuta magani na kullum, ya kuma ce a rage gishiri da dunƙulen miya, a rage soye-soye da kitse, a riƙa taka ƙasa da ƙafa, domin teɓar da ya ajiye tana cikin abin da ke tura jinin sama.

Malam mutum ne mai biyayya ga magani. Bai yi gardama ba. Juma'ar farko na yi farfesun kaza babu mai, gishiri ɗan kaɗan. Ya ci yanka biyu, ya wanke hannu, ya ce: "Malama, Allah ya yi albarka." Duk matar da ta daɗe da miji ta san bambancin godiyar da ta fito daga ciki da wadda ladabi ya fitar. Bayan sati uku, ina duba aljihun rigarsa kafin wanki, sai na ci karo da guntun takarda ta jiƙe sharkaf da mai, tana ƙanshin yaji. Ashe yana tsayawa wurin mai gashi na bakin hanya da magariba. Ban yi masa magana ba. Na dai zauna da takardar a hannu, na gane cewa in gida bai ba shi abin da ransa ke so ba, zai ci a waje, inda babu mai auna masa gishiri.

Wannan ne ya sa da kwasar adashina ta zo, maimakon atamfar da na yi niyya, na tafi babbar kasuwa na sayo na'urar nan da ake ta nunawa a Facebook da TikTok, wadda ake kira eya firaya. Jika 40 na biya bayan doguwar ciniki. Abokan aikina a makaranta wasu suka ce na yi dabara, wasu suka ce kuɗi ne ke yi mini ƙaiƙayi.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba: ba ta da wani sirri. Tukunya ce ta lantarki mai aljihu kamar na tebur, a cikin aljihun akwai kwando mai huji-huji. A samanta akwai ƙarfen da ke yin ja in wuta ta shige shi, a bayan ƙarfen kuma akwai fanka. Fankar ce ke kaɗa iska mai zafi, tana zagaya abincin ta sama da ƙasa, zafin yana kaiwa digiri 200. Kamfanin Philips ne ya fara fito da ita a baje kolin kayan lantarki na birnin Berlin a 2010, bisa ƙirƙirar wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij. Sunan da aka ba ta na suya talla ce kawai. Gaskiyar magana gashi take yi, irin na murhun gasa burodi, sai dai ƙarama ce kuma iskarta na da ƙarfi, shi ya sa bayan nama ke bushewa da sauri ya yi ja kamar an tsoma shi a mai.

Na kalli bidiyo ya fi goma kafin in taɓa ta. Duk maganarsu ɗaya ce: a shafa wa kaza kayan yaji, a bar ta minti 30, a sa a digiri 180 na minti 25, a juya sau ɗaya. Na rubuta a takarda kamar mai shirya darasi. Ranar Juma'a na bi umurnin ɗaya bayan ɗaya, ban ƙara ba ban rage ba. Ƙanshi ya cika gida, yara suka kewaye ni. Da ƙararrawa ta buga na jawo aljihun, sai ga kaza ta yi ja jawur, kyakkyawa kamar a hoto.

Sai da aka zo ci. Autana ya kama cinya da hannu biyu yana ja, haƙora sun kasa shiga. Ƙirjin kuwa ya bushe ƙamas, ko kilishi ya fi shi tausayi. Malam ya yi ta tauna yanka guda har na ji kunya ta kama ni. Kaji biyu na jika 7 suka koma tukunyar miya washegari, don a ceci abin da za a iya ceta.

A lokacin Inna, mahaifiyar Malam, tana wurinmu. Ta zo daga ƙauyensu na wajen Madarunfa don a duba mata ido. Tun ranar da na shigo da na'urar take kallonta a kaikaice, ita ce ma ta raɗa mata suna tukunyar iska. Daren nan ba ta ce komai ba. Sai da safe, ina wanke kwandon, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Ɗiyata, wannan kazar da kike gani a cikin salula, kazar ina ce?"

Na ce: "Inna, kaza ai kaza ce."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce: "Ke da kike koya wa ƴaƴan mutane karatu? Waccan ba ta taɓa gudun shaho ba. Tamu kuwa tun tana ƴar tsako take tsere. Wadda ta yi shekara tana tono a juji, iska ce za ta lallashe ta cikin ɗan lokacin nan? Sai ta sha ruwa tukuna."

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Da na koma na bincika, sai na tarar maganar Inna ita ce maganar masana, lafazi ne kawai ya bambanta. Kajin da ke cikin bidiyon nan kajin gidan gona ne, waɗanda ake yankawa suna da kamar sati shida a duniya. Ba su yi yawo ba, namansu laushi gare shi, ga kitse a ƙarƙashin fata. Kazar gida kuwa takan yi watanni da yawa tana yawo, tsokarta ta ɗaure da jijiyoyi masu tauri. Waɗannan jijiyoyi ba sa sakin jiki sai da zafi mai danshi na lokaci mai tsawo. A nan ne suke narkewa su ba romo kaurin nan da muke so. Busasshiyar iska kuwa ƙara ɗaure su take yi, ta kwashe ɗan ruwan da ke cikin naman. Na'urar ba ta yi laifi ba, mai bidiyon ma bai yi ƙarya ba. Ni ce na ɗauki lissafin wata kaza na ɗora wa tawa.

Daga nan muka shiga gwaji, ni da Inna da ɗiyata ta fari, wadda na ba wani tsohon littafin rubutu na ce ta riƙa rubuta duk abin da muka sa da abin da ya fito. Ba mu sake yin kasada da kaza biyu ba. Cinya biyu ko fiffike huɗu muke gwadawa. Cikin wata biyu muka tsaya a kan hanyar da har yau muke bi, kuma ita ce zan faɗa wa mai son gwadawa.

Aikin yana farawa tun daren Alhamis. Ga kaza guda, nakan daka tafarnuwa ƙwaya 6, ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa, albasa guda ƴar Galmi, tugande biyu ko uku, masoro kaɗan, kanunfari 4, kimba guda, da rabin dunƙulen kalwa. In sun daku sai in matse lemun tsami guda a ciki, in zuba kindirmo ludayi guda, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Babu dunƙulen kanti ko ɗaya, domin kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali guda ba, har da wanda ke cikin miya da burodi. Kalwa da tafarnuwa da tsamin lemu su ne ke rufe gurbin, har harshe ba ya neman abin da aka rage.

Kafin in shafa haɗin, nakan tsattsaga naman da wuƙa har kusa da ƙashi. Wannan ma sai da muka gwada muka gane amfaninsa. Yaji ba ya nutsewa cikin nama yadda muke zato. Ko kwana ya yi, iyakarsa baya-baya, gishiri ne kaɗai ke ratsawa can ciki. Tsagar ita ce ƙofar da ɗanɗano ke bi. Lemun tsami kuma kada a cika shi: ranar da muka matse uku, bayan naman ya yi fari ya saki kamar auduga, cikinsa kuwa yana nan da taurinsa. Kindirmo ya fi shi haƙuri, tsaminsa a hankali yake aiki.

Sai a rufe a sa a firigo ya kwana. A nan ina roƙon iyaye mata su saurare ni da kyau. Ɗanyar kaza tana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu sa gudawa da zazzaɓi, kuma zafin garinmu abincinsu ne. Ƙa'idar masana ita ce kada ɗanyen nama ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa guda. A Maradi wata nawa ne a shekara ba mu haura wannan da rana? Wadda ba ta da firigo, ko wutar unguwarsu ba ta da tabbas, gara ta jiƙa na ɗan lokaci ta ɗora a wuta, da ta bar shi ya kwana a kan tebur. Wuƙa da faranti da hannun da suka taɓa ɗanyar kaza a wanke su da sabulu kafin su taɓa salati ko tumatir.

Ranar Juma'a sai matakin Inna: shan ruwa. A juye kazar da duk haɗinta a tukunya, a ƙara ruwa rabin kofi, a rufe, a rage wuta. Budurwar kaza minti 25 ya ishe ta. Tsohon zakara ko zabo sai ya kai 40. Ba a cika ruwa, domin so ake ta sulala a cikin yajinta har ta tsotse shi, ba a wanke mata shi ba. In cokali mai yatsu ya shiga cinya ba da faɗa ba, ta yi. A kwashe a baza a faranti ta sha iska, bayanta ya bushe. Wannan bushewar tana da muhimmanci: muddin akwai ruwa a jikin nama, turara zai yi ta yi, ba zai yi ja ba. Ɗan romon da ya rage a tukunya kuwa, da shi nake yin miyar albasa.

Sannan a zo ga tukunyar iska. Babban cokali guda na man gyaɗa ya ishi kaza guda. A shafa da hannu. A kunna na'urar ta yi zafi minti uku, a jera yankan ba tare da wani ya hau wani ba, domin inda iska ba ta taɓa ba, ba ya gasuwa. Digiri 190, minti 10 zuwa 12, a juya a tsakiya. Yajin ƙuli, wanda shi ne ran abin a wurin Malam, ba a sa shi tun farko. Mun yi wannan kuskuren: ƙuli ya ƙone ya yi ɗaci, garin da bai kama jiki ba kuma fanka ta kwashe shi ta watsa a kan jan ƙarfe, hayaƙi ya turnuƙe ɗaki, kowa na tari da atishawa, Inna na cewa a fitar da aljanar waje. Yanzu nakan kwaɓa shi da ɗigon mai, in shafa a minti uku na ƙarshe. Ni nake daka yajina, don na kasuwa gishiri da dunƙule sun yi masa yawa.

In kazar gidan gona ce aka samu, ba ta bukatar sulalawa. A nan lissafin masu bidiyo daidai yake. Cinya mai ƙashi minti 22 zuwa 25 a digiri 180, ƙirji ƙasa da haka. Sai dai a tabbatar ta nuna har ciki. Ma'aunin da masana suka tsayar shi ne zafin tsakiyar naman ya kai digiri 74. Wanda ba shi da abin awo ya tsaga mafi kaurin yanka har ƙashi ya duba. In akwai sauran ɗanye ko ruwa mai jini-jini, a mayar.

Saura maganar wuta, wadda ita ce tambayar farko da kowane malami ke yi mini. A jikin tawa an rubuta wat 1,500. Na ba ɗana na kwaleji lissafin a matsayin aikin gida. Ya ce in ta yi rabin awa tana aiki, ba za ta wuce kashi uku cikin huɗu na kilowat-awa guda ba, kuma a kan wutarmu ta bolt 220 tana jan kusan ampiya 7. Wato ƴar'uwar dutsen guga ce. Mun tabbatar da haka ranar da aka haɗa su lokaci guda, ga firigo ga fanka: mita ta yanke, gida ya yi duhu. Tun daga ranar ba a guga in ana gashi, kuma a bango nake jona ta kai tsaye, ba a kan wayar nan mai baki da yawa ba, wadda na taɓa ji ta yi zafi har tana warin roba. Kwandon kuma ba a dirje shi da soson ƙarfe, don kada baƙin rufin da ke hana kamu ya ɓare.

Ɗaukewar wuta kuwa sai haƙuri. Wutar Maradi da Damagaram ta layin Katsina take zuwa, kuma duk mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023 da aka yanke ta daga can. Ko a kwanakin lafiya, lokacin zafi ba a rasa yankewa. Nan ma dabarar Inna ta cece ni: tunda kazar ta riga ta dahu a tukunya, in wuta ta tafi ana tsakiyar gashi, sai in hura gawayi in ƙarasa a kan waya. Da ɗanya ce, da sai a rasa yadda za a yi da nama rabi dafaffe cikin zafin rana.

Ba zan ce wa kowa ya je ya saya ba. Kwandona yanka shida yake ɗauka; kaji biyu sai an yi zubi uku, kuma gidan da ake ɗora tukunyar mutum 20 wannan abin wasan yara ne a wurinsu. Jika 40 kuɗin littattafai da kayan makarantar yara ne na shekara a gidaje da yawa. Duk abin da na lissafa a sama, daga daka har sulalawa, yana aiki a kan gawayi, har ma wani zai ce ƙanshin hayaƙi ya fi. Abin da na'urar ta ba ni shi ne sauƙi: babu tsayuwa a kan kasko mai tartsatsi bayan na wuni a tsaye gaban allo, babu baƙin man da ake ajiyewa a yi ta maimaita suya da shi don tsoron asara, kuma litar man da ke tafiya a Juma'a guda yanzu tana kai mu makonni. Haka nan ba magani ba ce. Tansiyon Malam ya sauko, amma da ƙwayar da yake sha kowace safiya, da gishirin da aka rage a kowace tukunya, da tafiyar da yake yi da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa.

Wani abu ya daɗe yana yi mini yawo a rai tun ranar da Inna ta tambaye ni kazar ina ce. Na fito makarantar horon malamai da tsarin darasi a rubuce, minti kaza na gabatarwa, minti kaza na bita. Na shiga aji mai yara sama da 70, waɗanda ba su taɓa jin Faransanci a gidajensu ba, na bi takardata ɗaya bayan ɗaya, ƙararrawa ta buga, na fita ina ganin na yi aiki. Shekara nawa na yi ina jin haushin yara don ba su nuna cikin mintin da takarda ta ce ba? Tsofaffin malaman da na tarar, waɗanda nake gani kamar ba su bin tsari, su suna fara duba yaran da ke gabansu ne tukuna. Sai ga shi abin da na yi shekaru kafin in fahimta a aji, tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta faɗa mini shi a bakin wurin wanke-wanke.

Inna ta koma ƙauye bayan an yi mata aikin ido. Ranar da za ta tafi ta sa aka gasa mata zabo guda a tukunyar iska, ta ƙulle a leda, wai za ta kai wa ƙawayenta su ɗanɗana abin da iska ta dafa. Littafin gwajin yana nan a rataye kusa da murhu, ya sha mai da yaji, kuma yanzu ɗiyata ce ke yin aikin daren Alhamis, ƙanenta na daka mata. Ni dai nawa duba aljihu ne kafin wanki, kuma rabon da in ga takarda mai maiƙo tun kafin azumi.

Juma'ar da ta wuce Malam ya cinye cinya, ya miƙa hannu ya ɗauki fiffike, ya ce: "Malama, wannan yajin ƙulin, a ɗan ƙara shi wata mai zuwa." Na ce to, amma ban da gishiri. Ya ce ya ji.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a abin da muke ci da abin da muke ciyar da iyalanmu.